Afolo da macijin Delfi: me ya sa wanda ya yi kisan ya gudu neman tsarki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina ajin farko a sashen tarihi. A wani darasi an ambaci labarin Girkawa na wani matashin abin bautarsu mai suna Afolo, wanda ya kashe ƙaton maciji a Delfi. Ina ji sai Bayajidda da macijin Kusugu suka faɗo mini a rai. Don Allah yaya ainihin labarin yake, me macijin ya yi aka kashe shi, kuma akwai dangantaka tsakaninsa da namu na Daura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba, kamannin suna nan, kuma zan zo kansu. Amma fara da ajiye zaton cewa akwai ainihin labari guda ɗaya. Girkawan dā ba su da wani littafi da ya yanke musu yadda labaran ababen bautarsu suke. Kowane mawaƙi da irin nasa, kowane gari da inda yake jan zaren, kuma tsakanin rubutu mafi daɗewa da muke da shi a kan wannan maciji da na marubutan zamanin Rumawa akwai sama da shekara 700. Sa'annan kada ka ɗauke shi kamar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ake yi wa yara bayan cin tuwon dare. A wurinsu wannan labari yana da ɗakin bauta, yana da masu hidima, yana da bukukuwa, yana da dukiyar da sarakuna ke aikowa. Mu muna karanta shi ne don mu fahimci mutanen da suka yi imani da shi.

Delfi tana manne a gefen kudu na dutsen Farnasus, wanda tsayinsa ya haura mita 2,400, kimanin kilomita 180 daga birnin Atina a mota. Wasu manyan duwatsu biyu ne suka miƙe tsaye a bayanta kamar bango, idon ruwan Kastaliya yana fitowa daga tsagar da ke tsakaninsu, ƙasa kuwa kwari ne cike da itatuwan zaitun har bakin teku. Girkawa sun ce nan ne cibiyar duniya: wai Ziyus, shugaban ababen bautarsu, ya saki gaggafa biyu, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, suka haɗu a nan, aka kafa dutse a wurin ana kiransa cibiya. Nan ne kuma wurin duba mafi girma a duk ƙasar Girka. Mai son kafa sabon gari, da sarkin da zai fita yaƙi, da talakan da ke neman haihuwa, duk nan suke zuwa su tambaya. To labarin macijin amsa ce ga tambaya guda: yaya aka yi wannan wuri ya zama na Afolo?

Mafi daɗewar faɗinsa yana cikin wata doguwar waƙar yabon Afolo mai layi 546, wadda mutanen dā suka jingina wa Homa, babban mawaƙinsu, masana kuma suke sa ta tsakanin ƙarni na 7 da na 6 kafin Miladiyya. Afolo ɗan Ziyus ne, mahaifiyarsa Leto. Saboda tsoron kishin Hera, uwargidan Ziyus, babu ƙasar da ta yarda Leto ta haihu a kanta sai wani ɗan tsibiri mai duwatsu da ake kira Delos. Kwana tara dare da rana tana naƙuda, ta rungume bishiyar dabino ta haife shi. Ana ɗanɗana masa abincin ababen bauta sai ya tsinke tsumman goyo, ya faɗi abu uku da za su zama nasa: kayan kiɗa mai tsirkiya, da baka, da sanar da mutane nufin ubansa. Riƙe waɗannan ukun, domin duk za ka sake gamuwa da su a Delfi.

Sai ya fita neman inda zai kafa ɗakin dubansa. Waƙar ta bi shi gari-gari, daga arewa zuwa kudu, har ya iso wani idon ruwa mai inuwa da sanyi, inda wata 'yar ruwa mai suna Telfusa take zaune. Wurin ya yi masa. Ita kuwa ba ta son mai raba ta da ɗaukakarta, sai ta yi masa dabara. Ta ce hanya ce nan, kullum dawakai da alfadarai na zuwa shan ruwa, ƙarar kekunan doki za ta ɗauke hankalin masu ziyara daga ɗakinsa, gara ya wuce gindin Farnasus inda babu hayaniya. Ba ta gaya masa abin da ke kwance a can ba.

A can ya shata harsashin gini, kuma kusa da wurin, a bakin wani idon ruwa, ya tarar da ita. Na ce ita, domin a wannan tsohuwar waƙa macijiya ce, kuma ba a ambaci sunanta ba. An ce annoba ce ga mutane da tumakinsu, duk wanda ya gamu da ita kwanansa ya ƙare. An kuma ƙara mata wani laifi: ita Hera ta bai wa renon Taifon, dodon da ta haifa ita kaɗai don fushi da mijinta. Afolo ya ɗana kibiya ya sakar mata. Mawaƙin bai ɓata lokaci kan faɗan ba, mutuwar ya tsaya a kai: tana birgima cikin kurmi, tana huci, tana naɗewa tana warwarewa, jini na fita da numfashinta. Afolo ya tsaya a kanta ya ce ta ruɓe a nan, ba Taifon ba kowa da zai cece ta, ƙasa da rana za su gama da ita. Rana ta ruɓar da gawar, kuma da yake kalmar ruɓewa a Girkanci ta yi kama da sunan, mawaƙin ya ce shi ya sa ake kiran wurin Faito, tsohon sunan Delfi. Masana harshe suna ganin wannan fassara ce da aka ƙirƙiro daga baya, irin yadda mu ma muke ƙulla labari mu bayyana sunan gari. Sunan wurin ya girmi labarin.

Bayan haka ya koma wa Telfusa ya turo duwatsu ya binne idon ruwanta. Sa'annan ya rikiɗa ya zama dolfin, wannan dabbar teku, ya faɗa cikin jirgin wasu fatake 'yan tsibirin Kirit, ya juya akalar jirgin zuwa gaɓar da ke ƙarƙashin Delfi, ya mai da su masu hidimar ɗakinsa. Shugabansu ya dubi duwatsun ya tambayi abin da kowane magidanci zai tambaya: babu gona, babu makiyaya, me za mu ci? Afolo ya ce kowannensu ya riƙe wuƙa a hannun dama, tumakin da masu ziyara za su kawo ba za su yanke ba. Ina son wannan wuri ƙwarai, domin a nan ne kake jin muryar mutanen Delfi na gaskiya, waɗanda abincinsu ya rataya a kan baƙi.

Idan a nan labarin ya tsaya, da amsarka gajera ce: mugun abu ya addabi mutane, jarumi ya kawar da shi. Amma waɗanda suka zo baya sun sauya shi, kuma sauyin ne ya sa ya yi nauyi. Macijiya ta koma namiji, ya sami suna Faiton, ko da yake wasu mawaƙa sun riƙe ta mace suna kiranta Delfine. Aka ba shi uwa, Geya, wato Ƙasa kanta. Aka kuma ba shi aiki: shi ne mai gadin wurin duban, wanda a lokacin yake hannun Ƙasa ko 'yarta Temis. Ka ga yanzu hoton ya juye. Maciji ba ɓarawon tumaki ba ne kawai, yana bakin aikinsa ne a gidan uwarsa, Afolo ne baƙon da ya zo da baka. Mukan ce mai wuri ya zo mai tabarma ya naɗe. A nan mai tabarmar ne ya kashe mai gadi ya zauna.

Yurifidis, mai rubuta wasannin kwaikwayo a Atina, ya sa wannan cikin wata waƙa a wasan da ya rubuta wajen shekara ta 413 kafin Miladiyya. A nasa faɗin Afolo jariri ne, yana zillo a hannun uwarsa, ya kashe macijin ya hau kujerar duba. Ƙasa ta ji haushin korar 'yarta, sai ta haifi mafarkai ta aike su ga mutane cikin dare, suna gaya musu abin da ya wuce da abin da zai zo, don kowa ya sami amsarsa a kan shimfiɗarsa ya daina zuwa Delfi. Yaron ya ruga wurin ubansa ya kai ƙara. Ziyus ya yi dariyar yadda ɗansa ya yi saurin gane darajar wurin da zinariya ke shigowa, ya hana mafarkan faɗin gaskiya, mutane suka koma layi a Delfi. Eskilus kuwa, shi ma marubucin wasanni, a wasansa na shekara ta 458 kafin Miladiyya, bai yarda da zubar da jini ba sam. Ya ce Ƙasa ta miƙa wa Temis, Temis ta miƙa wa Fibi, kakar Afolo ta wajen uwa, ita kuma ta ba jikanta kyautar haihuwa, babu ƙwace babu maciji. A ganina wannan ƙoƙarin wankewa shi kansa shaida ne cewa tun a lokacin akwai masu jin nauyin ɗayan faɗin.

Akwai kuma faɗin da ya mai da shi ramuwar gayya, kuma shi ne yawanci ake sa wa a littattafan yara. Wani marubucin Rum, Hijinus, ya ce an yi wa Faiton duba cewa ɗan da Leto ke ɗauke da shi ne ajalinsa, sai ya bi ta don ya kashe ta tun tana da ciki. Kwana huɗu da haihuwa, Afolo ya hau Farnasus ya rama wa uwarsa. Masu zane a jikin tukwane a ƙarni na 5 kafin Miladiyya sun zana Leto riƙe da jariri yana harbin maciji a bakin kogo, birnin Kroton kuma ya buga kuɗin azurfa da hoton Afolo na auna maciji, kujerar duba mai ƙafa uku a tsakaninsu. Obid, mawaƙin Rum, wajen shekara ta 8 Miladiyya, ya ce daga taɓon da ruwan tufana ya bari ne macijin ya fito bayan rana ta ɗumama shi, kuma Afolo, wanda bai taɓa harbin abin da ya wuce barewa da awakin dutse ba, sai da ya kusa ƙarar da kwarinsa, kibiya dubu. Nasa ya fi kowanne shahara a Turai, amma ado ne ya fi yawa a ciki.

Yanzu ga abin da nake so ka fita da shi daga wannan amsa, wanda da wuya a faɗa a aji. Bayan kisan, Afolo bai yi bikin nasara ya kwanta ba. Gudu ya yi. A wurin Girkawa jinin da aka zubar ƙazanta ce da ke manne wa mai kisa ko da yana da gaskiya. Ba ya shiga ɗakin bauta, ba ya cin abinci da mutane, sai ya bar gari wani ya tsarkake shi. Mutanen Delfi ba su cire abin bautarsu daga wannan doka ba. Sun ce ya tafi kwarin Temfe a ƙasar Tesaliya, can arewa, inda kogin Feniyos ya ratsa tsakanin dutsen Olimfus da na Osa, aka tsarkake shi, ya yanko reshen itacen lorel ya dawo. Mutanen Kirit kuma suka ce a'a, wurinsu ya zo, wani mutum mai suna Karmano ya yi masa tsarkin.

Ba a baki kawai suka bar wannan ba, duk bayan shekara takwas sai sun maimaita shi a wani biki da ake kira Seftiriyon. Fulutak, wanda shi kansa ya yi shekaru yana limancin ɗakin Delfi wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya bar mana bayaninsa. A wani fili mai kewaye da suke kira masussuka, a gefen hanyar da ke hawa zuwa ɗakin bautar, ake kafa bukka. Sai a zaɓi yaro ɗan gidan mutunci wanda uwarsa da ubansa duk suna raye. Masu rakiya su biyo shi shiru, da wutar yula a hannu, ba mai tari. Su cinna wa bukkar wuta, su kifar da teburin da ke ciki, sa'annan su kwasa da gudu ta ƙofar harabar ba mai waiwayawa. Daga nan yaron ya kama hanyar Temfe, tafiyar da ta haura kilomita 150 ko a miƙe, ta cikin duwatsu da ƙasashen ƙabilu dabam-dabam. A can a tsarkake shi, a yi yanka, ya yanko lorel, ya sa kambinsa a kai, ya juyo gida mai busa na biye da shi. Da ganyen wannan itace na Temfe ake saƙa kambin da ake ɗora wa waɗanda suka ci gasa a wasannin Delfi. Ka dubi wannan da kyau: kambin nasarar daga wurin wankan tsarki aka yanko shi.

Duk shekarar da na kai wannan gaɓa a aji, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, Malam, in dai mugun abu ya kashe, tsarkin na mene ne? Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. A cikin rubutun Fulutak ɗin akwai mai magana da ya yi irinta, ya ce abin bai shiga hankali ba a ce abin bauta ya kashe dabba sa'annan ya gudu har ƙarshen ƙasar Girka neman tsarki. Ya kuma lura cewa bukkar da ake ƙonawa ba ta kama da ramin maciji ba, ta fi kama da gidan sarki. Tun ƙarni na 4 kafin Miladiyya ma wani marubucin tarihi, Eforos, ya ce Faiton mutum ne, azzalumi da ake yi wa laƙabi da maciji. Ni amsar da nake bayarwa ita ce, Girkawa ba su ga macijin a matsayin sharri tsantsa ba. Ɗan Ƙasa ne, yana da hakki a wurin, kuma hakkin bai mutu tare da shi ba. Hijinus ya ce Afolo ya tattara ƙasusuwansa ya zuba a tukunya ya ajiye cikin ɗakin bautar, kuma wasannin Delfi an kafa su ne a matsayin makokinsa. Matar da ke hawa kujera mai ƙafa uku ta yi magana da bakin Afolo, rana ɗaya a wata, wata tara a shekara, sunanta Faitiya. Wasannin sunansu na Faitiya. Shi kansa Afolo kirarinsa Bafaite. Ko'ina ka juya a Delfi sunan da wanda aka kashe yake ɗauke da shi ne a bakin mutane.

Wasannin nan an tsara su sabo a shekarun 586 da 582 kafin Miladiyya, ana yin su duk bayan shekara huɗu, kuma su ne na biyu a daraja bayan na Olimfiya. Abin da ya bambanta su shi ne kiɗa da waƙa. A 586 wani mabushi daga Argos mai suna Sakadas ya ci gasa da wata busa da ta ba da labarin faɗan ba tare da kalma ko ɗaya ba, ya kuma sake ci sau biyu a jere. Abin busar nasu mai bakin kara ne irin na algaita, sai dai guda biyu ake sa wa a baki lokaci ɗaya. Busar kashi biyar ce: Afolo na duba filin, sai ya ƙalubalanci maciji, sai faɗan, sai nasara, sai rawa. A sashen faɗan mabushin yakan kwaikwayi cizon haƙoran macijin yayin da kibiya ta shige shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya ji algaita na faɗin kirarin sarki, jama'a na gane kowace gaɓa, ya san yadda 'yan kallon Delfi suka saurari Sakadas.

Za ka ji wasu na cewa labarin tarihi ne a ɓoye, wai dā mace ake bauta wa a Delfi, masu bautar Afolo suka zo suka ture ta. Ra'ayin yana da daɗin ji, kuma an daɗe ana koyar da shi. Faransawa sun tashi ƙauyen Kastri da ke zaune a kan kufan suka fara babban tono a 1892, an kuma samu 'yan gumakan mata na yumɓu na zamanin Maisini, wani tsohon zamani na ƙasar Girka, a yankin. Amma bautar Afolo ta fara bayyana sarai ne wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, akwai ɗaruruwan shekaru tsakani, kuma babu abin da aka tono da ya nuna Ƙasa ta taɓa riƙe wurin duba a can kafin shi. Don haka masana da dama a yau suna ɗaukar zancen masu wuri na farko a matsayin tunanin Girkawa game da abin bautarsu, mai kawo tsari da haske a inda dā duhu da mafarki ke mulki. Ni ma nan na fi karkata. Kada ka rubuta a jarrabawa cewa an tabbatar da juyin mulkin addini a Delfi.

Wata 'yar gyara kafin Daura, domin ɗalibai na yawan yin wannan kuskure: Faiton ba mesa ba ne. Babu mesa a ƙasar Girka. Kalmar da suka yi amfani da ita, drakon, tana nufin ƙaton maciji na almara. Wani Bafaranshe masanin dabbobi, Dodan, shi ne a 1803 ya ɗauko sunan macijin Delfi ya laƙaba wa dangin mesa a ilimin kimiyya. Wato mesarmu ce ta ari sunansa.

To, Bayajidda. Ka san namu: baƙo daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa makami, ya iso Daura da dare, ya roƙi tsohuwa Ayana ruwa, ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ke cikin rijiyar Kusugu, ya je ya zura guga, ya sare kan macijin, ya auri Magajiya Daurama. Abin da ya haɗa su a fili yake: baƙo, maciji a bakin ruwa, kisa, sa'annan sabon tsarin iko da ke neman hujjar kafuwarsa. Har ma da mace ko mata da ke riƙe da wurin kafin zuwan namijin, Ƙasa da Temis a can, jerin magajiyoyi a nan. Amma kama da wane ba ta wane. Babu wata shaida da ke nuna labarin Delfi ya tako zuwa Daura, kuma ba a buƙatar haka kafin a bayyana kamannin. Irin wannan labari ya bazu a duniya tun kafin Girkawa su rubuta nasu. Hittiyawa na ƙasar da yau take Turkiyya sun rubuta nasu a allunan yumɓu, abin bautar hadari da maciji Iluyanka, kuma su ma a biki suke karanta shi. A Ugarit ta gaɓar Siriya akwai Ba'al da Lotan mai kai bakwai. A Indiya Indra ya kashe Biritra wanda ya tsare ruwaye, koguna suka ɓalle. Wani masani Ba'amurke, Fontenroz, ya cika littafi guda a 1959 yana jera waɗannan kusa da na Delfi. Inda duk rayuwa ta rataya a kan ruwa guda, kuma maciji ke son sanyin bakin ruwa, mutane ba sa buƙatar aron wannan hoto daga kowa.

Bambancin ne ya fi koyar da kai. Macijin Kusugu ruwa ya hana, laifinsa ƙishirwar gari ce, kuma ladar kisan aure da sarauta. Macijin Delfi ba a ce ya hana shan ruwa ba, abin da ake takara a kai shi ne wa zai riƙa gaya wa mutane gaibu. Bayajidda mutum ne, zuriyarsa ake ƙirgawa. Afolo abin bauta ne, ɗaki ya kafa. Sa'annan a faɗin Daura da aka fi sani, babu alhakin jini a wuyan Bayajidda: gari ya waye, masu ƙaryar su suka kashe suka kasa nuna kai, shi ya fito da shi. Idan kana neman labarin Afirka ta Yamma da kisan maciji ya bar bashi, ka nemi na Soninke game da Wagadu, tsohuwar daular Gana, inda aka kashe maciji Bida da ake bai wa budurwa, fari ya biyo baya, zinariya ta ƙaura, mutane suka watse.

A cikin labaran Girkawa kuwa, wanda ya fi kusa da Bayajidda ba Afolo ba ne, Kadmos ne, kuma Delfi ce ma ta aike shi. Shi ma ɗan sarki ne daga gabas, daga ƙasar Finikiya. Ya zo Delfi tambaya, aka ce ya bi wata saniya, inda ta kwanta ya kafa gari. Ta kwanta a inda birnin Tibis yake. Ya aiki mutanensa ɗebo ruwa a wani idon ruwa, macijin da ke gadinsa ya hallaka su, Kadmos ya je ya kashe shi, ya kafa birni, ya auri Harmoniya, gidan sarautar Tibis ya fito daga tsatsonsa. Ka jera wannan da na Daura ka ga yadda suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sai dai macijin na Ares ne, abin bautar yaƙi, don haka kafin a ɗaura auren sai da Kadmos ya yi wa Ares bauta shekara takwas, adadin shekarun da ke tsakanin bikin Seftiriyon da na gaba. Ko hakan bai rufe maganar ba. Masifu suka yi ta bin 'ya'yansa da jikokinsa, har ya bar Tibis da tsufansa ya tafi ƙasar Iliriya. A faɗin Obid, a can ne wata rana yana zaune da matarsa suna tuna abin da ya same su, ya ce in dai macijin nan mai alfarma ne kuma fushinsa ne ke bin gidansa, to shi ma a mai da shi maciji. Bai rufe baki ba ƙafafunsa suka haɗe suka zama wutsiya. Harmoniya ta rungume shi ta roƙi a yi mata yadda aka yi masa, su biyun suka sulale cikin kurmi.